Muhawara: Ƙwallon mangwaro da 'ya'yan gwanda, shin da gaske suna kashe ƙwayoyin cuta?

Ummu Hanifa:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina binciken digiri na biyu a kan ƙwallayen 'ya'yan itatuwa uku, wato mangwaro da gwanda da fiya, domin in ga ko abin da aka tatso daga cikinsu yana hana ƙwayoyin cuta hayayyafa. Na shanya su a inuwa, na niƙa, na jiƙa garin a cikin metanol, wani ruwan sinadari da ake tatso abubuwa da shi, sannan na tace na busar da shi. Da na narka abin da ya rage a kan miligiram 100 cikin kowace mililita, na ɗiga a ramukan da na huda a farantin gwaji, sai na tarar na ƙwallon mangwaro ya yi da'ira mai faɗi, wato filin da ƙwayar cutar ta kasa girma a kewayen ramin, a kan bakteriyar Staphylococcus aureus, a kan Escherichia coli da'irar ƙarama ce, a kan Pseudomonas aeruginosa kuwa kusan babu komai. Na 'ya'yan gwanda, wanda na fi sa wa rai, bai nuna wani abin a zo a gani ba. Ina neman ku haska mini abu biyu: mene ne ya hana na gwanda aiki alhali kowa yana yabonsa, kuma ko ya halatta in rubuta a ƙarshen kundina cewa ƙwallon mangwaro zai iya tsayawa a madadin maganin asibiti wajen ciwon fata?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'a. Bari in ɗauki ta gwanda, tun da ita ce ta shafi fannina na haɗa sinadarai. Abin da ke da ƙarfi a cikin 'ya'yan gwanda sinadari ne da ake kira benzil-isotiyosayanet, kuma muhimmin abin da ya kamata ki sani shi ne ba a ajiye yake a cikin ƙwayar ba. Abin da ke ciki shi ne uwarsa, benzil-gulukosinolet, wadda ba ta da wannan ƙarfin, tare da wani sinadarin narkarwa mai suna mairosines da ke zaune a wani ɓangare dabam na ƙwayar. Sai an fasa ƙwayar, kuma akwai danshi, sannan su biyun suke haɗuwa a samu mai ƙarfin. Shi ya sa idan kika tauna ɗanyar ƙwaya ɗaya, yajin ba ya zuwa nan take, sai bayan ɗan lokaci kaɗan ki ji ya hau miki hanci.

To ki duba abin da kika yi. Kin busar da ƙwayoyin, kin niƙa su a bushe, kin zuba musu metanol, wanda yake lalata wancan sinadarin narkarwa kafin ya yi aikinsa. Ɗan abin da ya samu kuma mai tashi ne a iska, saboda haka lokacin da kika ɗumama ruwan don ya ƙafe, tare suka tafi. Shawarata ita ce ki daka ɗanyun ƙwayoyi da ruwa kaɗan, ki rufe ki bar su kamar awa guda, sannan ki tatso da ruwan sinadarin hekzen ko daikuloromiten, ki ƙafar da shi ba tare da zafi mai yawa ba. Ina kyautata zaton sakamakon zai sauya.

Abu Maryam:
Malam ya gama da ta farko. Ni tambaya ta biyu ce ta dame ni, kuma amsata ita ce a'a, kada ki rubuta haka, ƙanwata. Mu yi lissafi tare. Idan kin ɗiga maikrolita 100 na ruwan da ke ɗauke da miligiram 100 a kowace mililita, kin zuba miligiram 10 ke nan a ramin, wato maikrogiram 10,000. Ɗan faifan takardar maganin asibiti na sifrofulokzasin da ake ɗorawa a gefe don kwatance maikrogiram 5 kacal yake ɗauke da shi. Kin ga ke nan abin da kika zuba ya ninka na asibitin sau 2,000, don haka ko da da'irorin biyu sun zo daidai a faɗi, ba a yi kunnen doki ba.

Bayan haka, faɗin da'ira ba ma'aunin ƙarfi ba ne kai tsaye. Hanyar da Kirby da Bauer da abokan aikinsu suka daidaita a 1966 an tsara ta ne don magunguna tsarkakakku waɗanda aka san yadda suke ratsa abincin ƙwayoyin cuta na Mueller-Hinton. Sinadarin da ke narkewa a ruwa, mai ƙananan ƙwayoyi, zai yi nisa ya ba da da'ira babba ko da ƙarfinsa kaɗan ne, shi kuwa mai maiƙo zai tsaya a bakin rami ko da ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da masana suke nema shi ne mafi ƙanƙantar adadin da zai hana ƙwayar cutar girma, wanda ake taƙaitawa da MIC, ana kuma auna shi ne ta hanyar tsarma abin rabi-rabi a farantin nan mai ramuka 96. Farfesa Eloff na Jami'ar Pretoria ya wallafa hanya mai sauƙi ta yin wannan da tatattun tsirrai tun 1998, inda ake ɗiga wani sinadari da ke sauya launi zuwa ja a duk ramin da ƙwayoyin suke raye. Da yawa daga cikin masu bitar wannan fanni, ciki har da Farfesa Kuete na Jami'ar Dschang a Kamaru, sun tafi a kan cewa ɗanyen abin da aka tatso bai cancanci a kira shi mai ƙarfi ba sai ya yi aiki a ƙasa da maikrogiram 100 cikin mililita. Abin da kika gwada ya ninka wannan iyaka sau 1,000.

Alhaji Mai Sassaƙe:
Assalamu alaikum. Ni ban yi karatun boko mai zurfi ba, amma a sana'ar magani na tashi, kuma ina bibiyar wannan zaure domin in ƙaru. Abin da nake ji a maganar Abu Maryam shi ne ana auna kayanmu da mudun da aka sassaƙa don kayan wasu. Iyayenmu sun daɗe suna ba yaro 'ya'yan gwanda idan tsutsar ciki ta dame shi, suna gasa ƙwallon mangwaro su daka a sha don gudawa, kuma ana samun sauƙi da yardar Allah. Yau ga shi ku da kanku likitoci kuna kuka cewa ƙwayoyin cuta sun daina jin magungunan asibiti, ga tsada, talaka ba ya iya sayen cikakken adadi. A irin wannan hali, yarinya ta gano abu mai amfani a cikin abin da muke zubarwa a bola, sai a ce mata kada ta rubuta? Ina ganin ƙarfafa mata guiwa ya fi dacewa.

Likitar Yara:
Ranka ya daɗe Alhaji, maganarka tana da tushe, kuma ba zan raina ta ba. Batun tsutsar ciki an ma gwada shi a nan Najeriya. A 2007 wasu likitoci a kudu maso yamma sun wallafa gwajin da suka yi da yara 60 masu ɗauke da tsutsotsi da makamantansu a hanji: rabinsu an ba su busassun 'ya'yan gwanda a cikin zuma, rabi kuma zuma zalla. Bayan kwana bakwai, yara 23 cikin 30 da suka sha na gwandar an tarar bayan gidansu ya tsarkaka, a ɗaya rukunin kuwa 5 ne kawai cikin 30. Wannan ya goyi bayan abin da iyayenmu suka sani. Amma su masu binciken da kansu gwajin share fage suka kira shi, saboda yaran kaɗan ne, kuma tsutsa dabam, bakteriya dabam. Abin da ya kori tsutsa daga hanji, inda maganin yake haɗuwa da ita ido da ido, ba dole ba ne ya isa ga bakteriyar da ke cikin jini ko huhu ko ƙashi.

Batun bijirewar ƙwayoyin cuta kuwa, mu ne muka fi kowa jin zafinsa. Babban ƙididdigar da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ta nuna cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka rasu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma yankin da adadin ya fi muni idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne yammacin Afirka, inda ya kai kusan mutum 27 cikin kowane 100,000. Wannan ne ma dalilin da ya sa nake tsoron jumla irin wadda Ummu Hanifa take son rubutawa. Irin waɗannan jumloli ba sa tsayawa a kundi, ana yanko su a watsa a WhatsApp da Facebook, sai uwa ta yi kwana uku tana ba yaro mai zazzaɓin taifot garin ƙwallon mangwaro, a kawo mana shi hanji ya riga ya huje.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato ƙwallon itace wurin da tsiro yake ajiye makamansa ne don kare ɗansa daga ƙwari da ruɓewa, saboda haka sinadarin da ke kashe ƙwayar cuta sau da yawa yana taɓa jikin mutum ma. Gwaje-gwajen da aka yi a Indiya a kan ɓeraye da birai sun nuna cewa abin da aka tatso daga 'ya'yan gwanda yana rage ƙwayoyin haihuwar namiji matuƙa idan aka daɗe ana bayarwa. 'Ya'yan gwandar masar da danginta suna ɗauke da sinadaran da ake kira asitojenin, waɗanda ke toshe hanyar da ƙwayar halitta take samar da kuzari. A Indiya an sha kai mutane asibitin ido bayan sun shafa dakakkun 'ya'yan a kai don kashe ƙwarƙwata, abin ya gangara ya ƙona musu ido. A tsibirin Guadeloupe kuma, tun 1999 likitoci suka danganta wata cutar jijiya mai kama da ta karkarwa da yawan shan 'ya'ya da ganyen wannan dangi.

Alhaji Mai Sassaƙe:
Na gode Likita. Abin da kika faɗa game da gwandar masar gaskiya ne, mu ma ba ma bari a sha 'ya'yanta, kuma mai ciki ba ma ba ta 'ya'yan gwanda. Kin ga ke nan mu ma muna da ƙa'ida, ba a rubuce take ba ne kawai.

Baban Sadiq:
Ina so in koma kan mangwaro, domin a ganina sakamakon Ummu Hanifa yana da kyau, fassararsa ce take bukatar gyara. Ɓargon da ke cikin ƙwallon mangwaro cike yake da sinadaran tanin, musamman nau'in galotanin, wato sukarin gulukos da aka liƙa masa rassan galik asid biyar ko fiye, kuma su ne suke ba shi baurin nan da ke kama harshe. Masu bincike a Jamus da Kanada sun ware waɗannan sinadarai a tsakanin 2009 da 2011, suka nuna cewa babbar hanyar aikinsu ita ce kame sinadarin ƙarfe, wanda mafi yawan bakteriya ba sa girma sai da shi, tare da taɓa furotin da ke jikin fatarta. Sun tarar Staphylococcus aureus da Listeria da Bacillus suna tsayawa da ɗan kaɗan, amma Escherichia coli da Salmonella sai an ninka adadin sau da yawa. Daidai abin da kika gani ke nan, 'yata. Rukunin su Escherichia coli da Pseudomonas suna da ƙarin fata ta waje wadda take tare manyan sinadarai, kuma suna da nasu dabarun ƙwato ƙarfe.

Daga wannan bayani ne za a gane inda amfanin yake da inda ba ya nan. Tanin yana manne wa kowane irin furotin, bai san na bakteriya ba bai san na mutum ba, don haka da zarar ya shiga jini ko mugunya zai liƙe a hanya kafin ya kai ga abokin gaba, kuma dama hanji ba ya tsotse shi sosai. Mai ƙarancin jini da ya lizimci shansa zai ƙara hana kansa ƙarfen abinci. Amma a saman abinci, ko a cikin hanji inda yake tsuke fatar ciki ya rage zawo kamar yadda Alhaji ya ambata, nan yana da hujja. Abin da ya fi burge ni a binciken can shi ne bakteriyar da ke tsamar da nono ba ta damu da shi ba, saboda ita kusan ba ta bukatar ƙarfe. Ma'ana ana iya tunanin sinadarin da zai danne ƙwayoyin da ke ɓata abinci ya ƙyale masu yin kindirmo. Da ni ne mai kula da aikinki, ta nan zan karkata shi.

Ummu Hanifa:
Allah ya saka da alheri, Malam. To ga wani abin da ya ɗaure mini kai. Na aika samfurin mangwaron an saka a na'urar GC-MS mai tantance sinadaran da ke cikin abu, takardar da aka dawo mini da ita tana da sunaye masu yawa, waɗanda suka fi rinjaye su ne falmitik asid da oleyik asid da sitiyarik asid, da wani mai suna talet, amma babu galotanin ko ɗaya. Shin ke nan babu shi a nawa samfurin?

Baban Sadiq:
Yana nan, na'urar ce ba ta ganinsa. GC-MS tana aiki ne da abin da zai iya zama tururi idan an zafafa shi, shi kuwa galotanin yana da nauyi, ƙonewa yake yi kafin ya tashi. Abin da ta nuna miki man da ke cikin ɓargon ne, kuma dama an san man ƙwallon mangwaro mafi yawansa sitiyarik da oleyik ne. Kuskuren da ya yawaita a kundaye shi ne a ɗauki wannan jeri, a nemo wata takarda da ta ce falmitik asid yana kashe bakteriya, sai a rufe magana da cewa an gano sirrin, alhali ba a gwada shi shi kaɗai ba. Talet ɗin nan kuwa kada ki lissafa shi cikin kayan mangwaro, domin sinadari ne da ake saka wa roba don ta yi laushi, kuma galibi daga leda ko murfin kwalba ko ruwan jiƙon yake shiga. Idan kin ga sunaye masu ƙarewa da silokzen, su ma daga bututun na'urar suke fitowa. Ki yi amfani da kwalaben gilashi, ki aika da metanol zalla a auna shi tare da samfurin. Don ganin tanin, na'urar HPLC, wadda ke rarrabe sinadarai suna cikin ruwa, ake bukata, in da hali haɗe da mai auna nauyi. Kafin ki samu wannan, akwai gwaji mai arha: ki cire tanin daga wani kaso na samfurin ta hanyar zuba masa jelatin ko garin PVPP, waɗanda suke kame tanin, ki tace, ki sake gwadawa a kan Staphylococcus. Idan ƙarfin ya ɓace, kin samu hujja mai kyau cewa tanin ne yake aikin.

Kawu Manomi:
Salamu alaikum malamai. Ni lambun mangwaro gare ni, ina kuma kai kaya kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano. Duk wanda ya shiga kasuwar 'ya'yan itace a lokacin bazara ya san tulin mangwaron da ke ruɓewa da ƙwallayen da ake sharewa. Tambayata mai sauƙi ce: a cikin duk abin da kuka faɗa, akwai wanda zai sa wannan ƙwallo ya zama kuɗi a hannun manomi, ko kuwa magana ce ta ɗakin gwaji kawai?

Abu Maryam:
Akwai, Kawu, sai dai ta ɓangaren mai ne ya fi kusa, ba ta ɓangaren magani ba. Man ƙwallon mangwaro yana daskarewa kamar man kaɗanya, kuma dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 a kan cakulan ta amince da mayukan tsiro shida da za a iya haɗawa da man koko har zuwa kashi 5 cikin 100, a cikinsu akwai na kaɗanya da na ƙwallon mangwaro. Indiya ta daɗe tana tara ƙwallayen tana fitar da man, masu man shafawa da sabulu ma suna saye. Dussar da ta rage bayan an matse man ita ce mai tanin ɗin da Malam yake magana a kai. Sharaɗin shi ne a fasa ƙwallon a busar da ɓargon da wuri, domin idan ya kwana da danshi a tsibi fumfuna za ta kama shi, wasu nau'o'inta kuma suna fitar da gubar afulatoksin, irin wadda ta sha jawo wa gyaɗarmu matsala a kasuwannin waje.

Tun da an zo batun kasuwa, akwai labarin da ya kamata duk mai wannan bincike ya sani. An daɗe ana sayar da ruwan 'ya'yan wani babban lemo mai ɗaci da ake kira girefrut a Turai da Amurka a matsayin maganin ƙwayoyin cuta na asali, kuma a farantin gwaji yana aiki sosai. A 1999 masu bincike a Jami'ar Greifswald ta Jamus suka auna nau'i shida na kasuwa. Biyar da suka nuna ƙarfi duk an same su da benzetoniyam kulorayid, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ake haɗawa a masana'anta, wasunsu ma har da ƙarin tirikulosan. Na shidan da ba shi da gauraye bai kashe komai ba, haka ma wanda masu binciken suka tatso da hannunsu daga 'ya'yan lemon. Saboda haka ne nake matsa wa ɗalibai su riƙa barin rami ɗaya da ruwan narkarwa zalla, ko DMSO ne ko metanol, domin shi kansa yana iya hana bakteriya girma idan ya yi yawa.

Alhaji Mai Sassaƙe:
Wannan labari ya yi mini daɗin ji, domin irin wannan algus yana cikin abin da ya ɓata sunan sana'armu, inda wasu ke daka ƙwayoyin asibiti su zuba a cikin tsimi. Amma ina da roƙo ga masu bincike. Ba mu taɓa jiƙa magani a metanol ba. Da ruwa muke yi, ko a dafa, ko a gasa a daka, wani a haɗa da kanwa, wani da zuma. Idan ana son a san ko abin da muke bayarwa yana aiki, sai a gwada shi yadda muke haɗa shi, kuma a kan cutar da muke bayar da shi dominta. Sannan har yanzu ban yarda a ce wa mutumin ƙauye ya bar abin da ya gada ba, alhali asibiti mafi kusa da shi tafiyar yini ce.

Likitar Yara:
Roƙonka na farko ina tare da kai ɗari bisa ɗari, Alhaji, kuma tarihi yana bayanka. Tu Youyou, wadda ta samu kyautar Nobel a 2015 saboda maganin zazzaɓin cizon sauro da ta fitar daga tazargade, ba ta dace ba sai da ta koma ga tsohon rubutun likitancin Sin ta ga cewa a ruwan sanyi ake jiƙa ganyen, ta gane zafi ne yake lalata sinadarin. A Sudan ma, al'adar matan karkara ta tace ruwan kogin Nilu da dakakkun 'ya'yan zogale ita ce ta ja hankalin masu bincike har aka gano furotin da ke tattara laka da ƙwayoyin cuta su kwanta a ƙasa. A na biyun ne muka ɗan saɓa. Ban ce a bari ba, na ce a san iyaka. Gudawar da babu jini babu zazzaɓi, a ba da ruwan gishiri da sukari tukuna, domin rashin ruwa ne yake kashe yaro. Idan akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi ya wuce kwana biyu, ko yaro ya daina shan nono, ko numfashinsa ya yi sauri, to tafiyar yinin nan dole ce.

Ummu Hanifa:
Na gode muku duka, Allah ya ƙara ilimi. Ga abin da zan kai wa malamin da ke kula da aikina: zan sake tatsar gwanda daga ɗanyun ƙwayoyi kamar yadda Baban Sadiq ya nuna, zan ƙara jiƙon ruwa da na gasasshen ƙwallon mangwaro bisa shawarar Alhaji, zan auna MIC a maimakon dogaro da da'ira, in kuma yi gwajin cire tanin. Abin da ya rage mini shi ne ƙwayoyin cutar da nake amfani da su daga samfuran marasa lafiya aka ware su a wani asibiti. Sun wadatar, ko sai na nemi wasu?

Abu Maryam:
Ki riƙe su, suna da daraja, musamman idan kin fara gwada su da magungunan asibiti kin rubuta waɗanda suke bijire wa. Amma ki haɗa da na ma'auni waɗanda duniya ta sani, wato Escherichia coli ATCC 25922 da Staphylococcus aureus ATCC 29213 da Pseudomonas aeruginosa ATCC 27853, domin da su ne wani a Zariya ko Yamai zai iya maimaita aikinki ya kwatanta. Ki daidaita kaurin ƙwayoyin a kan 0.5 na ma'aunin McFarland kafin ki tsarma, ki maimaita kowane gwaji sau uku a ranaku dabam-dabam. Ki kai reshe da ganyen bishiyar da kika ɗebo ƙwallayen ma'adanar tsirrai ta jami'arku a ba ki lamba, ki kuma rubuta nau'in mangwaron da watan da aka tsinke shi, saboda yawan tanin yana bambanta daga nau'i zuwa nau'i. Idan MIC ɗin ya fito ƙasa da maikrogiram 100, mataki na gaba shi ne gwada shi a kan ƙwayoyin halittar dabba don a ga ko adadin da ke hana bakteriya girma yana cutar da su, kafin a yi maganar shafa shi a fatar mutum.